Masu Kwaikwayon Alƙalai, A Ƙasarmu Da Ƙasar Yunanawa

Ran da za a ba da hutun kaka, 'yan babban aji na makarantarmu ta nan Lambara suka roƙe mu izinin yin wasa, muka ba su. Da la'asar ta yi sanyi suka shimfiɗa buzu a gindin bedi, wani yaro ya naɗa rawani, ya manna gemun auduga, ya harɗe, wai shi ne alƙali. Aka kawo masa mutum biyu suna jayayya a kan akuya. Mai akuya ya zo da shaidu uku, wanda a ke tuhuma kuwa ya zo da zakara ɗaya ɓoye cikin riga. Ko yaushe shaida ya buɗe baki sai zakara ya yi cara, alƙali ya ce bai ji abin da aka faɗa ba. Jama'a suka yi ta dariya har da hawaye. Amma da aka watse, wani dattijo, mutumin kirki, ya ja mu gefe ya ce, "Malam, abin da ku ke koya musu ke nan? Yaron da ya yi wa rawani dariya yau, gobe wa zai ji wa kunya?"

Maganar nan ba ta banza ba ce, mun kuwa kwana da ita. Amsar da muka kasa ba shi a tsaye ita ce mu ke so mu rubuta muku, ku 'yan makaranta, gama a cikinku akwai waɗanda za su hau kujerar shari'a ta gaske, dukanku kuma, in Allah ya ja kwana, za ku jefa ƙuri'a.

Da fari dai ku sani yaran nan ba su ƙago kome ba, gado suka tarar. A fadojin waɗansu sarakunan Hausa na dā akwai abin da a ke kira wasan gauta. Matan gidan sarki su ke yinsa. Wata ta yi shigar sarki, waɗansu su yi shigar hakimai da fadawa, kowace ta ɗauki muryar wanda ta ke kwaikwayo, da tafiyarsa, da irin halinsa, sarki kuwa yana zaune yana kallo. Abin da bafade ba ya iya faɗa masa da baki, sai ya gan shi da idonsa a jikin kuyanga. A ƙauyuka kuma akwai kalankuwa, bayan an kau da amfanin gona, inda samari su kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, su kafa kotu, su ci mutum tara a kan laifin da ba laifi ba ne. Da Turawa suka zo sai aka ƙara Gwamna da Di'o da likita a cikin jerin. A Damagaram akwai wasan kara, inda a ke ƙera bindigogi da motoci da karan dawa, a kwaikwayi manyan ƙasa ɗaya ɗaya. Tashe kuwa ba sai mun ba ku labarinsa ba, kowanenku ya san yaron da a ke manna wa gemu daga goma ga azumi, a ce malam ya taka rawa, shi kuwa yana musu ƙafarsa tana motsi. Haka 'yan kama, da su ke ɗaukar muryar masu wa'azi su juya ta kan tuwo da miya.

Abu biyu za ku lura da su a duk waɗannan. Na ɗaya, kowanne yana da lokacinsa, in lokacin ya wuce an rufe bakin. Na biyu, na ƙasa ne ke kwaikwayon na sama, da iznin na saman.

Kada kuma ku zaci kuka da alƙalai aikin 'yan wasa ne kaɗai. Nan kusa da mu, a Sifawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna Boɗinga. A Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa ayyukan sarakunan Haɓe da ya ƙi, a cikinsu har da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da cin hancin alƙalai. Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano wajen 1807, don ya nuna wa masu mulki da masu shari'a iyakarsu, sa'an nan a Tazyinul Waraƙati, na 1813, ya koka da mutanen ɓangarensa da suka sa rigar alƙalanci ba su ɗauki halinta ba. Su da alƙalami suka yi nasu, da Larabci, don masu karatu. Talaka da ba ya karatu kuwa da dariya ya yi nasa. Ciwon ɗaya ne.

To, yanzu bari mu kai ku nesa, mu ga inda wannan sana'a ta kai matuƙa. Ƙasar Yunanawa, waɗanda a ke kira Girkawa, tana gaɓar Bahar Rum ta arewa, tana fuskantar Masar da Libiya. Babban birninta Atina. Shekarun da za mu ambata duk na kafin haihuwar Annabi Isa ne, saboda haka lissafinsu baya baya ya ke tafiya, watau 424 ta riga 422.

Mutanen Atina na wancan zamani ba su da sarki. 'Ya'yan gari maza su ke taruwa a kan wani tudu, a yi muhawara, a ɗaga hannu, abin da ya fi rinjaye shi ne doka. Jama'a da harshensu "demos" ne, daga nan kalmar dimokuraɗiyya ta fito. Amma fa mata ba su ciki, bayi ba su ciki, baƙi ba su ciki, ko da an haife su a garin. Abin da zai fi ba ku mamaki shi ne shari'arsu. Ba su da alƙali mai karatu da ya ke yanke hukunci. Kowace shekara a kan ɗebi mutum 6,000 da suka kai shekara 30, ta hanyar ƙuri'ar sa'a, su yi rantsuwa, a rarraba su kotuna. Ƙara ɗaya sai mutum ɗari biyu, ko ɗari biyar, ko fiye, su zauna a kanta. Mai ƙara ya tashi ya yi magana da bakinsa, wanda a ke ƙara ya tashi ya kare kansa, ana auna musu lokaci da tulu mai huda, in ruwa ya ƙare magana ta ƙare. Sa'an nan kowa ya jefa tsakuwarsa cikin ɗayan tukwane biyu, ta kamu ko ta kuɓuta. A yini ɗaya a ke gamawa, ba ɗaukaka ƙara.

Dabarar da ke ciki ita ce, mai kuɗi ya iya sayen alƙali ɗaya, amma sayen ɗari biyar da wuya. Don talaka ya sami damar barin aikinsa ya zauna, wani shugabansu mai suna Ferikilis ya sa a riƙa biyan masu zaman. Kuɗinsu dirakma ne, wanda daga sunansa dirhami ya samo asali, kowace dirakma kuwa obol 6 ce. Da fari obol 2 a ke ba su a yini, wajen 425 wani ɗan siyasa mai suna Kiliyon ya mai da shi 3. Rabin dirakma bai kai abin da magini ke samu a yini ba, saboda haka ƙarfafa ba su cika damuwa da shi ba. Tsofaffi da marasa abin yi su suka cika kotuna, suka kuwa ɗauki Kiliyon uban gida.

Kiliyon ɗin nan ɗan mai majema ne, mai kuɗi, mai ƙaton murya. Ya yi tashe a lokacin yaƙin Atina da Isbarta, wanda aka fara a 431 aka ƙare a 404. Don ku san irinsa: a 427, da birnin Mitilini ya yi tawaye aka ci shi, shi ya sa taron jama'a suka yanke a kashe mazan garin duka. Da gari ya waye suka yi nadama, suka sāke shawara, suka tura jirgi na biyu ya bi na farko, da ƙyar ya iske shi kafin a zartar.

A cikin wannan hali wani saurayi mai suna Aristofanis ya fara tsara wasanni. Yunanawa a sa'an nan matsafa ne, sau biyu a shekara su kan yi bikin wani gunkinsu, a yi gasar wasan kwaikwayo a gindin dutsen birni, dubban mutane suna kallo, gari ne kuma ke shirya abin, a ɗora wa wani attajiri kuɗin 'yan amshi. Kun ga nan ma akwai lokaci, akwai izni. Aristofanis ya yi wasa kamar 40, 11 suka rage har yau. A 426 ya yi wanda ya taɓa manyan gari a gaban baƙi, Kiliyon ya kai ƙararsa majalisa, wai ya kunyata Atina. Bai daddara ba. A 424 ya fito da wasan da za mu kira "Barade". A ciki ya mai da jama'ar Atina wani tsoho mai gida, kurma-kurma, mai saurin fushi, sunansa Demos. Tsohon yana da sabon bawa, majemi, wanda ya mallake shi da daɗin baki, yana sace abincin da sauran bayi suka dafa ya miƙa masa kamar shi ya dafa. Kowa ya san wa a ke nufi. Maganin bawan nan, in ji wasan, sai wanda ya fi shi rashin kunya, aka kuwa samo wani mai tallan kayan ciki a kasuwa, jahili, suka yi ta gasar ihu da alkawari a gaban tsoho har na kasuwa ya ci. Mu a nan mu kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Amma ku duba, sarkin da a ke nufi a nan shi ne masu kallo da kansu.

Wasan da ya fi kama da na yaranmu shi ne na 422, mai suna "Rina". Wani tsoho ne, sunansa Masoyin Kiliyon, ciwon zaman shari'a ya kama shi. Ba ya barci, tun da duhu ya ke zuwa ya kwanta bakin kotu don ya sami gaba. Ran da zakaransa ya makara da cara, sai ya ce masu laifi sun ba shi hanci. Ga al'adarsu, in za a yanke horo, mai son horo mai tsanani ya kan ja dogon layi a kan allon kakin zuma, shi tsohon nan kullum da kaki cike da farcensa ya ke komowa gida. Ɗansa, mai suna Maƙiyin Kiliyon, ya yi magani ya gaji, sai ya lulluɓe gidan da taru, ya sa bayi tsaro. Tsoho ya bi ta mafitar hayaƙi ya ce shi hayaƙi ne, aka danne shi. Ya maƙale a cikin jaki da za a kai kasuwa, aka zaro shi. Can sai ga abokan zamansa, tsofaffi, sun zo kiransa da asuba, yara na riƙe musu fitilu, an yi musu shigar rina, kowa da ƙarinsa a baya.

Nan aka kafa muhawara tsakanin uba da ɗa, nan kuwa ne zuciyar wasan. Uban ya ce ba sarkin da ya kai shi. Manyan gari su kan tare shi bakin ƙofa su kama hannunsa da laushin murya, waɗansu su ba shi labarin ban dariya, waɗansu su jawo 'ya'yansu su yi ta kuka don ya ji tausayi, shi kuwa ba mai tambayarsa dalilin hukuncinsa. In ya komo da obol uku 'yarsa ta wanke masa ƙafa. Sai ɗan ya ce su yi lissafi. Ku ma ku ɗauki allo ku gwada: mutum 6,000, kowa rabin dirakma, kwana 300 a shekara, dirakma 900,000 ke nan. Babban ma'auninsu talanti, dirakma 6,000 ne, watau talanti 150. Abin da ke shiga baitulmalin Atina kuwa, in ji ɗan, ya kusa talanti 2,000. Ashe ko ushiri ba ya zuwa hannunsu. Saura ina ya ke tafiya? Wurin masu rantsuwa da son talaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An bar su da yunwa da gangan, in ji shi, don in an nuna musu mutum an ce su cije shi, su cije.

Tsoho ya rasa ta cewa, amma ciwo bai sake shi ba. Sai ɗan ya kafa masa kotu a tsakar gida, ga wuta, ga kwanon miya a gefe, ga zakara a rataye don ya tashe shi in ya yi gyangyaɗi. Ƙarar farko, kare ne ya saci cuku na Sikiliya a madafa, wani kare ya kawo ƙara. Sunan ɓarawon ya yi kusa da na wani sarkin yaƙinsu mai suna Lakis, mai ƙara kuwa daga unguwar Kiliyon ya fito. Da ya tashi magana, ashe abin da ya fi ɓata masa rai shi ne an cinye ba a ba shi rabonsa ba. Aka kira kayan madafa shaida, har da magogin cukun. Aka jawo 'yan kwikwiyo suka yi ta kuka. Tsoho tun kafin a fara ya riga ya yanke, amma ɗan ya zagaya da shi ya ruɗe shi, ya jefa tsakuwa cikin tukunyar kuɓuta. Da ya ji wai shi ne ya saki mai laifi, sai ya faɗi a some.

Da a nan aka tsaya, da mun ce ɗan ya yi nasara. Amma Aristofanis bai yarda ya sauƙaƙa wa kowa ba. Ɗan ya sa wa uban tufafin manya, ya koya masa zaman walima, ya kai shi cikin masu hali. Tsoho ya bugu, ya zagi mutane, ya doki na hanya, ya watsar wa wata mai tallan gurasa da kayanta, sai ga masu sammaci sun yi layi a ƙofar gidansa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Da rawa aka rufe wasan, tsoho bai shiryu ba.

To, dariyar nan ta gyara wani abu? A nan ya kamata mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa gardamarmu daɗi ba. "Barade" shi ya ci na ɗaya a gasar. Bayan 'yan makonni mutanen da suka yi dariyar suka zaɓi Kiliyon cikin sarakunan yaƙinsu, gama a 425 ya yi alkawarin kamo mayaƙan Isbarta da aka tsare a wani tsibiri cikin kwana 20, ya kuwa kawo 292. Ba wasa ya kau da shi ba, a fagen fama ya mutu, a Amfifolis, cikin 422. Kotuna kuma suka ci gaba yadda su ke. Har akwai abin da ya fi wannan nauyi. A 423 Aristofanis ya yi wasan "Gizagizai", ya mai da malamin nan Sukuratu wani mayaudari mai koya wa samari yadda za su mai da ƙarya gaskiya don su ƙi biyan bashi. Ba haka mutumin ya ke ba. Bayan shekara 24, a 399, aka gurfanar da shi gaban mutum wajen 500, aka yanke masa shan dafi. Almajirinsa Aflatun ya rubuta cewa a jawabinsa na kare kai ya ambaci wasan nan cikin abubuwan da suka daɗe suna ɓata masa suna. Da tsakuwa 30 sun sauya tukunya, da ya kuɓuta. Ashe tsoron dattijonmu yana da tushe, ko da ya ke ba ta inda ya zata ba. Rawanin mai iko bai faɗi don dariya ba, marar iko ne ta taimaka aka kashe.

Duk da haka mu a ganinmu akwai abin da mutanen Atina suka yi wanda ya fi ƙarfin yawancin al'ummai. A wasan gauta kuyanga ta kan nuna wa sarki fuskarsa. A Atina masu shari'a da masu zaɓe su ne zaune a dandali, da kuɗin garinsu aka shirya a kira su rina, a kira su tsoho kurma, ana cikin yaƙi, suka kuwa ba mai zagin lada. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, amma ga mutanen da a kan hau da su kan nasu tudun sau biyu a shekara.

A ƙasarmu wanda ya ɗauko wasa daga dandali ya kai shi makaranta da wannan niyya shi ne Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 1983. Mahaifinsa muhuti ne a kotun alƙali a Kano, saboda haka ya san abin daga ciki. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wajen 1938 zuwa 1941, ya tsara wasanni, ɗaya a kan yadda a ke cutar baƙauye a kasuwar Kano, wani mai suna "Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya" a kan nauyin haraji, da waɗansu gajeru masu taɓa En'e. Ya koyar a Bauchi, ya riƙe makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, sa'an nan ya bar aiki a 1950, shekarar da aka kafa NEPU. Cikin shekarun da suka biyo, 'yan jam'iyyar nan da yawa sun sha ɗauri a kotunan alƙalai na En'e a kan magana, gama kotunan suna hannun waɗanda a ke sūka. Sai a 1968 aka raba kotunan da En'e. Ƙuri'a kuwa, da a Atina ta maza ce kaɗai, a Arewa ma haka ta zauna har bayan samun mulkin kai, matanmu ba su zaɓi shugaban ƙasa ba sai a 1979, zaɓen da ya ɗora maƙwabcinmu, Alhaji Shehu Shagari, shi ma tsohon malamin makaranta. Tambayar iznin dariya kuma ba ta mutu ba. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, bayan sun amsa laifin ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin.

Mun koma wurin dattijon nan mun ba shi labarin kare da cuku. Ya yi dariya, ya ce shi dai har yanzu bai ga abin da ya hana a bar rawani a gefe ba. Yara kuwa da suka ji, suka ce shi za su yi a hutu mai zuwa, sai dai za su mai da cukun kilishi. Mun yardar musu bisa sharaɗi biyu: ba za a kama sunan kowa na garin nan ba, alƙali kuma ba ɗaya zai zama ba, duk wanda ya zo kallo za a ba shi tsakuwarsa a bakin ƙofa. Tukwane biyun mun riga mun aro.